Rijiyar da Aka Sace da Rana Tsaka

Ɓarayi iri-iri ne a duniya, akwai na raƙuma, akwai na hatsi, amma masu bin hamada sun ce ba a taɓa yin sata irin ta ranar da aka ɗauke rijiyar Barmo sukutum, da rana tsaka, mutane na kallo.

Barmo tsoho ne, mahaƙin rijiya. Shi ya haƙa ta tun yana da ƙarfinsa, can bakin hamada inda gero yake daina fita, har mutane suka taru kewaye da ita aka yi gari. Ban da ita babu wani ruwa sai an yi tafiyar da ke kashe jaki. Ɗansa guda ne, Tankari, ɗan babur mai kai dabino da magani zangon masu haƙar zinari. Shi kaɗai yake bin hanyoyin da manyan motoci ma sai sun yi ayari. Gajere ne kakkaura, ga zuciya a kusa.

Ranar da abin ya faru, ruwan ya soma zuwa da laka, Barmo ya ce sai an yashe rijiyar. Tankari ya ce, "Baba, ka bari ni in shiga." Tsohon ya ce, "Kai babur ka sani. Riƙe min igiya." Ya ɗauki daginsa ya sauka.

Bai daɗe a ciki ba sai ga wata baƙar guguwa ta taso daga arewa, tana tafiya ɗoɗar kamar wadda aka aiko. Mata suka zubar da tuluna suka watse suna salati. Guguwar ta naɗe rijiyar, igiya ta fizgi Tankari ta yi ta jan sa a ƙasa har tafin hannunsa ya saluɓe, sannan ta tsinke. Da ƙura ta lafa, ba rijiya, ba bakinta, ba kwamin shayar da dabbobi. Rairayi ne shimfiɗe kamar an share, sai wani sawun laimar ruwa mai faɗin tabarma da ya miƙe ya yi arewa.

Mai gari ya zo ya tsaya ya daɗe yana kallon wurin. Ya ce, "Wannan aikin mutanen ɓoye ne, ba a ja da su. A yi wa Barmo addu'a, kowa ya ɗaure kayansa, mu yi kudu."

Tankari ya miƙe, jini na ɗiga daga hannunsa. Ya ce, "Addu'ar me? Gawa kuka gani? Tun ba a haifi rabinku ba kuke shan gumin tsohon nan, yau an ja shi kamar akuya kuna cewa a ɗaure kaya! Ga sawu nan ko makaho ya bi shi. Wa zai bi ni?"

Kowa ya sunkuyar da kai. Tankari ya tofar da yawu, ya ce, "To, ku zauna da kunyarku."

Ya shiga gida ya juye ragowar ruwan randa a salka. Ya ɗaure jarkokin fetur hagu da dama, ya soke wuƙa a ƙugu, ya naɗe hannayensa da tsumma, ya ja rawani ya rufe hanci. Bugu ɗaya babur ya tashi.

Da farko sawun ya bi hanyar da ya sani, wadda aka yi wa alama da tsofaffin tayoyi da duro-duro. Can sai ya bar ta ya kutsa tsakanin tuddan rairayi inda ko tsuntsu ba ya ratsawa. Tankari ya tsaya ya rage iskar tayoyinsa don kada su nutse, ya miƙe tsaye a kan matakai, ya murɗe totur. Rairayin nan mai laushi ne kamar garin tuwo, in ka taɓa birki ka faɗi, in ka sassauta hannu ka nutse. Ya faɗi ya tashi, ya kuma faɗi, salansar babur ɗin ta ƙone masa ƙwauri, ya ɗaga babur yana zagi ya ci gaba. Da ya ɗaga kai sai ya ga rana ta tsaya cak a tsakiyar sama, ba ta gaba ba ta baya. Nan ya san ya bar ƙasar mutane.

Yana gangarowa daga wani tudu sai ya ga wata aduwa ita kaɗai, a gindinta wata tsohuwa na zaune da mazari tana kaɗa rairayi yana zama zare. Ta ɗaga masa hannu.

Ta ce, "Ɗan nan, rage min hanya."

Ya ce, "Iya, sauri nake, kuma ba gidan biki za ni ba."

Ta ce, "Na tambaye ka inda za ka?"

Ya yi tsaki, ya gyara mata wuri tsakanin jarkoki, ta hau. Da farko ba ta fi nauyin kaza ba. Da suka ɗan taɓa tafiya ta kai buhun gero, can ta kai raƙumi da kayansa. Tayar baya ta nutse har gindi, inji na kuka kamar zai fashe. Tankari ya dafa ƙafa a ƙasa, ya juyo, idonsa ja wur.

Ya ce, "Iya, ko ke wace ce, don Allah na ɗauke ki. In wasa kike nema, sauka ki nemi sa'anki! Ubana na cikin rami ana jan sa a hamada, ke kina gwada min nauyi?"

Tsohuwar ta ƙyalƙyale da dariya, nan take ta koma kamar auduga. Ta ce, "Duk wanda na hau, kuka yake yi yana roƙona. Kai ne na farko da ya daka min tsawa. To saurara, ya kai ɗan Adam. Wanda ya ɗauke rijiyarku Damƙau ne, sarkin Birnin Raɓa. Ni gwaggonsa ce, ya kore ni don na faɗa masa gaskiya. Ƙarfi ba za ka gwada masa ba, da ɗan yatsa zai murƙushe ka. Amma ka san wannan: aljani yana iya sata, ba ya iya haɗiye maganar da ya furta a gaban fadawansa. Ka sa shi ya yi magana."

Ya buɗe baki zai tambaye ta hanya, sai ya ji baya ba kowa.

Ya haƙe tayar da hannu, ya tura ya fita. Sawun laima ya kai shi wani kwari mai faɗi, cike da motocin da rairayi ya binne rabinsu. Tsakanin motocin mutane ne ke tafiya a hankali, maza da mata, kowa riƙe da jarka ba komai a ciki. Leɓunansu sun tsattsage, kuma ba su da inuwa. Da suka ji ƙarar babur suka taso suka jeru bakin hanya suna miƙo hannu.

Tankari ya tsaya gaban wata mata mai goyo. Ya ce, "Baiwar Allah, ku su wane ne?"

Ta ce, "Matafiya ne. Motarmu ta lalace, direba ya ce kada mu damu, akwai rijiya bayan tudun can, ya sha a cikinta bara. Muka je muka tarar da rairayi. Muka ce ko ya ɓata hanya ne, har maza suka yi masa duka. Ga shi can, har yanzu rantsuwa yake a nan take."

Wani dattijo ya ce, "Mu ma haka. Duk wanda ka gani a kwarin nan, rijiya ya zo nema inda ya san ta, bai same ta ba."

Tankari ya kwance salkarsa ya zuba wa matar a tafin hannu. Ruwan ya ratsa hannun ya zube a ƙasa. Ta dubi laimar, ta ce, "Allah ya saka. Mu namu ya wuce. Adana abinka."

Ya ɗaure salkar. Ya murɗe totur har sai da tayar gaba ta ɗaga.

Bayan kwarin hanya ta ƙare, sai ƙololuwar wani tudu, siririya kamar kaifin wuƙa. Hagu rami, dama rami, ba a ganin ƙarshensu, rairayi na juyawa a ciki yana gurnani. Ya hau, yana kallon gabansa kawai. A tsakiyar hanyar wani ƙaton aljani ya raba ƙafafu ya tsaya, kansa na gogar sama, riƙe da kulki kamar kututturen giginya.

Aljanin ya ce da murya kamar tsawa, "Tsaya nan, ya kai bil'adama! Ni ne Zugau, mai tsaron hanyar Birnin Raɓa. Ba mai wucewa sai ya bar min ido ɗaya ko harshensa. Zaɓi wanda za ka bari."

Tankari ya ce, "Idon zan ga ɓarawo da shi, harshen zan zage shi da shi. Kauce!"

Bai taɓa birki ba. Ya kwanta a kan tanki ya ƙara wuta, ya ratsa tsakanin ƙafafun aljanin, salansar da ta yi ja ta goge masa idon sawu. Zugau ya kurma ihu ya ɗaga ƙafa, kulkin ya rinjaye shi, ya tafi can cikin rami yana kiran uwarsa.

Sai ga birni a gabansa, ganuwarsa ta farin gishiri, ƙofa a buɗe don ba a taɓa zaton baƙo ba. Yana shiga sanyi ya buge shi. Ko'ina lambu ne, inabi da rumman da lemo, ruwa na gudu a lungu-lungu ba mai sha, 'ya'yan aljanu na watsa wa juna suna dariya. A gefe guda kuma ga wani makeken garke. Ba shanu ne a ciki ba, rijiyoyi ne, kowace an ɗaure ta a turke da igiya mai kaurin cinya. Wasu bakinsu na dutse, wasu na itace da igiyar guga ta ci ta yi masa zane. Suna nishi ƙasa-ƙasa kamar shanun da aka raba da maruƙansu.

Daga cikin ta ƙarshe ya ji ana surfa zagi da muryar da ya sani. Ya matsa ya leƙa.

Ya ce, "Baba!"

Zagin ya tsaya. Barmo ya ce daga can ƙasa, "Tankari? Kai da wa?"

"Ni kaɗai. Bari in zuro maka igiya."

"Kada ka soma! Tun da suka kawo ni suke lallashina in fito, har da gasasshen rago. Muddin wanda ya haƙa ta yana ciki, ko cokali ba sa iya ɗiba. Ina fita ta zama tasu. Ba inda za ni sai da rijiyata."

Tankari ya ce, "To zauna daram, ina zuwa."

Ya juya babur ya nufi fada. Dogarai suka taso, ya ratsa su, ya hau matakala ya faɗa tsakiyar zaure, inji na ruri, hayaƙi na turnuƙe fadawa. Sarki Damƙau na zaune cikin wani tafki na azurfa, ruwa har ƙirji, bayi na kwarara masa wani a ka. Jibgege ne mai sheƙi, idanunsa kamar na kada.

Sarkin ya ce, "Ya kai ɗan Adam, wa ya koya maka shiga fada a kan jakin ƙarfe, ba sallama, ba durƙuso?"

Tankari ya ce, "Mai gida ake yi wa sallama. Ɓarawo ihu ake yi masa."

Fada ta ɗauki guna-guni, takubba suka fito. Sarkin ya ɗaga hannu aka yi tsit. Ya ce, "Ɓarawo? Ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa gadonmu ne tun ba a cura kakanku ba. Ku ne kuke huda mana rufi kuna zuro guga."

"Ubana bai sa dagi a ƙasa ba sai da ya yi sallama ya nemi izinin masu wurin. Ba wanda ya hana shi."

"Wannan a zamanin mahaifina ne, shi mai taushin zuciya ne. Ni kuwa lambu nake so."

Tankari ya ji kansa na neman tsagewa. Ya ce, "Lambu! Na ratso kwari cike da mutane, har da mai goyo, sun mutu suna tonon rairayi da farce inda ka tumɓuke musu rijiya. Don rumman? Don ka jiƙa wannan tumbin naka?"

Sarkin ya yi hamma. Ya ce, "Ku ai kullum cikin mutuwa kuke, da ƙishirwa ko babu. Me ya rage, me ya ƙaru?"

Hannun Tankari ya kai kan wuƙa. Saura kaɗan ya zare ta, sai maganar tsohuwar ta faɗo masa. Ya cije leɓe har ya ji gishirin jini, sannan ya saki wata dariya mai ciwo.

Ya ce, "An ce min sarki ne a nan, ashe matsoraci ne. Ka aika guguwa ta yi maka sata don kai ba ka iya fita rana. Ga igiyoyi kamar cinya ka ɗaɗɗaure rijiyoyi, don ka san ko wannan jakin ƙarfen nawa ya isa ya ja kayanka ya bar ka a tafki ba ruwa."

Wani bafade ya yi dariya ya toshe baki. Fuskar sarkin ta yi baƙi. Ya miƙe, ruwa na zuba daga jikinsa, ya ce, "Ku shaida, ya ku fadawana! Duk abin da jakin nan ya ja ya fitar daga ƙofar birnina, na wannan ɗan Adam ne, kuma ba mai bin sa. In ya kasa, shi da ubansa za su yi ban-ruwan lambuna har tashin duniya."

Fadawa suka ce, "Mun shaida!"

Aka ɗunguma zuwa garke. Tankari ya kwance igiyar rijiyar ubansa daga turke ya ɗaura a bayan babur. Sannan ya wuce ta kusa da ita, ya kwance ya ƙulla a jikin ta ubansa. Ya wuce ta gaba ya ƙulla a jikin waccan. Haka ya yi ta bi yana ƙullawa har ya kai bangon garke, bai bar ko ɗaya a turke ba.

Sarkin ya daka tsawa, "Ɗaya na ce!"

Tankari ya ce, "Duk abin da ya ja, ka ce. Ko kunnena ne? Fadawa, me kuka ji?"

Ba wanda ya ɗaga ido. Can wani tsohon waziri ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, haka aka furta."

Barmo ya ƙwala kira daga cikin rami, "Kai, mahaukacin yaro! Tamu kaɗai ma da ƙyar, ka kwaso na duniya?"

Tankari ya ce, "Baba, ko mu fita da su duka, ko mu yi masa ban-ruwa. Ba zan bar masa ko na wanke ƙafa ba."

Ya juye fetur ɗin da ya rage a tanki, ya yi jifa da jarkoki don ya rage nauyi. Ya ɗaura wani ƙarshen igiyar a ƙugunsa. Ya sa giya ta ɗaya, ya saki kuloci a hankali. Igiya ta miƙe ta yi ƙara. Tayar baya ta yi ta juyawa wuri ɗaya tana feshin ƙasa, warin ƙonewa ya tashi, igiyar ta shiga naman ƙugunsa. Ko motsi rijiyoyin ba su yi ba. Aljanu suka fashe da dariya, sarkin ya ce a kawo wa sababbin bayi tuluna.

Tankari ya juyo ya fuskanci garken, jijiyoyin wuyansa sun tashi. Ya ce, "Ku kuma kunya ba ta kama ku ba? Mutanen da suka haƙa ku da hannunsu, 'ya'yansu na mutuwa da jarka a hannu, ku kuna kwance nan kuna yi wa ɓarawo wanka! Ku tashi!"

Sai Barmo ya soma buga dagi a bangon rijiyarsa, yana irin kiran da mahaƙa suke yi in sun cim ma ruwa. Rijiyar ta girgiza, ta ja gaba taku guda. Ta bayanta ta yi nishi ta biyo. Nan da nan garken duka ya motsa, ƙasa na rawa, magudanun lambu suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya. Tankari ya murɗe totur har ƙarshe, babur ya ja, rijiyoyi suka biyo shi jere kamar ayarin raƙuma, suna ture bishiyoyin rumman suna tattake inabi.

Yana kaiwa ƙofa ya ji muryar sarkin a bayansa, sanyi ƙalau. "Maganata ba ta tashi, ya kai ɗan Adam. Naka ne, ba mai bin ka. Amma ban ce za ka sha ba. Kowa zai sha daga waɗannan rijiyoyi ya ƙoshi, kai kuwa rairayi za ka tarar a bakinka."

Tankari ya ce, "Ka ji da tafkinka!" Ya fice.

Tafiyar komawa ba ta da daɗin faɗa. Kaifin tudun nan ya bi da ayarinsa, yana jin kowace rijiya na lilo a bakin rami tana fizgar ƙugunsa. Da suka sauka fili, igiyoyin suka soma tsinkewa daga baya. Duk wadda ta tsinke sai ta juya sau ɗaya kamar kare zai kwanta, ta nutse a wurin ta zauna. Da yawa a kwarin matattun nan suka zauna. Ya waiga sau ɗaya, ya hango su sun kewaye wata suna leƙawa, dattijon nan ya dafa kafaɗar direban da aka yi wa duka. Bai tsaya ba, don ya san in injin ya mutu ba zai kuma tashi ba.

Rana ta motsa daga inda ta tsaya, ta soma gangarawa yamma. Sauran rijiyoyin suka yi ta zama a bakin hanyar da ba ta taɓa sanin ruwa ba, har ya rage ta Barmo kaɗai. Ya hango tsofaffin tayoyin alama, ya hango rufin garinsu can nesa kamar ƙwayar gero. A nan injin ya yi tari, ya yi wata ƙara kamar an karya ƙashi, ya ƙame. Rijiyar ta juya ta zauna.

Tankari ya zame daga kan babur ya faɗi. Da ƙyar ya rarrafa ya zura igiya ya jawo ubansa. Barmo ya fito jiƙe sharkaf, daginsa a hannu, ya dubi ƙugun ɗansa da igiya ta yanka, ya dubi babur ɗin da ke hayaƙi.

Wani makiyayi ne ya hango su ya kai labari. Kafin rana ta faɗi mutanen gari sun iso da jakunan da suka riga suka yi wa kaya. Aka zura guga. Yara suka sha, mata suka sha suna kuka, dabbobi na turereniya. Wata mata ta cika ƙwarya ta durƙusa ta miƙa wa Tankari, ta ce, "Ai kai ya kamata a ce ka fara."

Salkarsa ta daɗe da ƙarewa, harshensa ya kumbura. Ya kafa kai. Ruwan na taɓa leɓensa ya zama rairayi, ya cika masa baki. Ya tofar, ya karɓi guga da kansa ya kuma gwadawa. Rairayi. Ya yi jifa da gugan, ya juya arewa ya yi ta zagi har muryarsa ta dushe, sannan ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Mutane suka yi cirko-cirko, ba mai iya haɗa ido da shi. Wata tsohuwa ta tatso nonon akuya ta ba shi, wannan ya wuce.

Barmo ya tambaye shi abin da sarkin ya ce, ya faɗa masa kalma-kalma. Tsohon ya gyaɗa kai. An miƙo masa ruwa tun ɗazu, bai sha ba, ya ajiye ƙwaryar. Ya saɓi daginsa ya yi gaba kaɗan, yana dukan ƙasa da diddige yana saurare, har ya tsaya wani wuri.

Tankari ya ce, "Baba, me kuma za ka yi? Ko tsayuwa ba ka iya yi sosai."

Barmo ya ce, "Waɗannan rijiyoyi ya ce. Wadda ba a haƙa ba tukuna ba ta cikin maganarsa."

Ya tofa yawu a tafin hannu, ya fuskanci arewa, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Salamu alaikum, masu ƙasa. Ni Barmo, izini nake nema zan haƙa wa ɗana ruwan sha a nan. In akwai mai hanawa ya yi magana yanzu. In kuma sai na gama za a zo ɗauka, to yaron ya san hanya."

Aka yi shiru ana jira. Ko iska ba ta motsa ba. Tsohon ya ɗaga dagi ya kafta wa ƙasa, maza suka tuɓe riguna suka zo kwasar rairayi.